Yadda Matashin Injiniya Zai Kafa Ƙafarsa a Babban Kamfani a Legas

Matashin da ya kwashe shekara biyar yana karatun injiniya a Zariya ko Kano ko Bauchi ko Minna, ya kuma gama bautar ƙasa, da wuya ya rasa dalilin da zai sa ya dubi Legas, domin a nan ne yawancin manyan ayyukan da ya karanta a littafi suke tsaye ana ganin su da ido. A yankin Ibeju-Lekki akwai matatar man Dangote da aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, wadda aka tsara ta don tace ganga 650,000 a rana, kusa da ita kuma ga masana'antar takin zamani da tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki. A Ikorodu akwai tashar wutar lantarki ta Egbin mai ƙarfin megawat 1,320, sannan ga masana'antun Ikeja da Apapa da Ilupeju, ga kamfanonin sadarwa da na gine-gine da na mai da ofisoshinsu ke Victoria Island. Kwalin digiri zai iya kai mutum bakin ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan wurare, amma abin da zai tsayar da shi a ciki shi ne abin da hannunsa ya koya a filin aiki da abin da ya rubuta ya ajiye. Ina magana da "kai" ne don sauƙin bayani, amma maganar ta shafi 'yan'uwanmu mata da ke shigowa wannan fanni daidai yadda ta shafi maza.

Shiga da karanta takardar ɗauka

Manyan kamfanoni kan ɗauki sababbin injiniyoyi ta hanyar shirin horar da waɗanda suka gama jami'a, kuma matakan kusan iri ɗaya ne ko'ina: cike fom a shafin kamfanin na intanet, jarabawar lissafi da fahimtar rubutu a kwamfuta wadda lokacinta ke da ƙaranci, intabiyu ɗaya ko biyu, sannan gwajin lafiya. Sau da yawa ana sa iyakar shekaru da matakin digiri, ana kuma neman takardar kammala bautar ƙasa. A intabiyu za a tambaye ka abin da ka yi a watannin koyon aiki na SIWES da kuma aikin bincikenka na shekarar ƙarshe, saboda haka ka koma ka karanta su har ka iya bayyana dalilin kowane lissafi da ka yi. Mai intabiyu ya fi gamsuwa da yaron da ya ce "ban sani ba, amma ga yadda zan nemo amsar" a kan wanda ya cika ɗaki da surutu. Duk wanda ya turo maka saƙo yana cewa ka biya kuɗin fom ko na rigar aiki kafin a ba ka gurbi, ɗan damfara ne, ko da ya manna tambarin kamfanin a saman takardar.

Idan Allah ya sa aka ba ka takardar ɗauka, kada murna ta hana ka karanta ta layi-layi. Abu na farko da za ka duba shi ne sunan wanda ya ɗauke ka. A Legas ma'aikata da yawa suna sa rigar babban kamfani, suna shiga ta ƙofarsa kullum, alhali a takarda wani ƙaramin kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su, kuma albashinsu da inshorar lafiyarsu da damar ƙarin girma duk sun bambanta da na ma'aikatan dindindin. Ba laifi ba ne mutum ya fara ta wannan hanya, amma ya fara yana sane da matsayinsa. Ka duba tsawon lokacin gwaji kafin a tabbatar da kai, ka duba ko akwai sharaɗin cewa za ka biya kuɗin horon da aka yi maka idan ka tafi kafin wasu shekaru, ka kuma bambanta albashin da aka rubuta na shekara da abin da zai shigo asusunka a ƙarshen wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, ga kuma harajin albashi da ke tafiya wa hukumar harajin jihar Legas. Ka buɗe asusun fansho da kanka, ka riƙa duba saƙon da ke nuna kuɗin sun shiga, domin cirewa daban, turawa daban.

Wurin kwana yana cikin aikin

Baƙon da ya sauka Legas daga Arewa yakan nufi inda zai ji Hausa, wato Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende, kuma hakan yana da daɗi: ga masallaci kusa, ga tuwo, ga ɗan'uwa da zai ba ka tabarma har ka samu naka ɗaki. Amma kafin ka biya kuɗin haya, ka bi hanyar daga unguwar zuwa wurin aikin da safiyar Litinin, ka ga awa nawa za ta ci. Wanda ke aiki a Ikeja zai iya zama a Agege hankali kwance, musamman yanzu da jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line ke bi ta wajen. Wanda ke aiki a Ibeju-Lekki kuwa, idan ya nace sai ya kwana a Agege, zai fita kafin asuba, ya ƙetare gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ya shiga cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe, ya iso wurin aiki a gajiye kamar wanda ya riga ya yi wuni. Injiniyan da barci bai ishe shi ba haɗari ne ga kansa da ga waɗanda ke tsaye kusa da shi. Ka tambaya ko kamfanin yana da motar ma'aikata da wuraren da take tsayawa, ka nemi ɗaki a kan hanyarta, ka bar ziyarar 'yan'uwa zuwa ƙarshen mako. Ka kuma shirya cewa masu gida kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ban da na dillali da na rubuta yarjejeniya.

Watannin farko a filin aiki

A makonnin farko za a zagaya da kai sassa daban-daban, a cika maka kunne da dokoki, a ba ka hular kwano da takalmin kariya da tabarau. Bayan haka sai a ajiye ka a wani sashe ƙarƙashin wani babban injiniya wanda aiki ya yi masa yawa, ba kuma lalle ya samu lokacin zama da kai ba. A nan ne matasa da yawa ke yin kuskuren da ke bin su shekaru: su zauna a ofis mai sanyi gaban kwamfuta suna jiran a kira su. Ka nemi zanen injinan sashenka, wato taswirar bututu da bawul-bawul ko ta layukan wuta, ka ɗauke ta ka fita, ka bi kowane layi da ƙafarka daga inda ya taso zuwa inda ya ƙare. Za ka tarar da wuraren da zane ya ce abu kaza, ƙarfen da ke ƙasa kuma ya ce wani abu daban, saboda an yi gyara shekaru da suka wuce ba a sabunta takarda ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma sabon injiniyan da ya kawo wa ogansa jerin irin waɗannan wurare a rubuce ya riga ya nuna amfaninsa ba tare da ya buɗe baki ya yabi kansa ba.

Malamanka na gaskiya a wannan lokaci su ne makanikai da masu walda da masu aikin wuta da masu tuƙa injina, waɗanda wasunsu sun fara aiki a wurin tun ba a haife ka ba. A wata masana'anta da na fara aiki, akwai wani dattijo Bayarabe da kowa ke kira Baba, wanda yakan ɗora bakin sukudireba a jikin famfo, ya kara ƙotar a kunnensa, ya ce boris ɗin ya kusa tafiya. Na ɗauki abin wasa ne har sai da na'urar auna girgiza ta faɗi abin da ya riga ya faɗa. Irin wannan mutum ba zai buɗe maka abin da ya sani ba idan ka zo masa da taƙamar digiri. Ka gaishe shi da safe kafin ka tambaye shi komai, ka koyi gaisuwar Yarbanci ko da "E kaaro" ce kawai, ka riƙe masa sifana idan yana ƙarƙashin inji, kada ka gyara masa kuskure a gaban yaransa. Tarbiyyar girmama na gaba da muka taso da ita a gida jari ce a nan, domin Yarbawa ma suna ba gaisuwa da girman shekaru muhimmanci sosai. Turancin buroka shi ne harshen filin aiki, kuma wanda ya ƙi koyon sa zai riƙa ba da umarni ana cewa "to" ba a fahimce shi ba.

Amma girmamawa ba ta nufin ka ajiye iliminka. Dattijon da ya san sautin famfo zai iya kasancewa bai san dalilin da ya sa famfon ke lalacewa duk bayan 'yan watanni ba, kuma wannan tambaya taka ce: ko injin da famfon ba su daidaita a layi ɗaya ba, ko ruwan da ke shigowa bai isa ba, ko an sayi wanda bai dace da aikin ba tun farko. Shi yana gyara abin da ya lalace, kai kuma an ɗauke ka ne don ka gano abin da ke lalata shi.

Akwai kuma abin da ƙasar Legas kanta za ta koya wa ɗan Arewa. Mu mun saba da ƙura da zafi da ƙasa mai tauri. A nan abokan gaba su ne laima da gishirin iskar teku, waɗanda ke cin ƙarfe har ka ga noti ya narke da tsatsa a wurin da a Kano zai yi shekaru yana ƙyalli, shi ya sa batun fenti da irin ƙarfen da aka zaɓa da rufe akwatunan wuta ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar yankuna da yawa, musamman Lekki da Victoria Island da Apapa, yashi ce da taɓo, ruwa kuma yana kusa da sama, don haka manyan gine-gine kan tsaya ne a kan turakun kankare da aka kafa can ƙasa, kuma ba a fara tushe sai an gwada ƙasar. Ruwan saman Yuni da Yuli yana iya tsayar da aikin haƙa na kwanaki, duk jadawalin da bai yi lissafin wannan ba kuwa takarda ce kawai.

Dokokin kariya

A babban kamfani za a iya yafe maka kuskuren lissafi, amma da wuya a yafe maka karya dokar kariya. Ba a fara aiki mai haɗari, kamar walda kusa da mai, ko shiga cikin tanki, ko hawa sama, sai da takardar izinin aiki wadda masu alhakin wurin suka sa wa hannu. Kafin a taɓa injin da ke amfani da wuta, ana kashe shi daga tushe, a sa kwaɗo a makunnin, a rataya alama mai sunan wanda ya kulle, mabuɗin kuma ya zauna a aljihun mai aikin, sannan a gwada kunna injin don a tabbatar ya mutu. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne wanda gaggawa ke sa a tsallake, kuma shi ne ke bambanta wanda ya koma gida da wanda aka kai asibiti. Wata rana za a zo maka ana cewa aikin minti biyar ne, oga yana jira, a bar maganar takarda. Kai ne ƙarami a wurin, kuma faɗin "a'a" ga wanda ya girme ka yana da nauyi a al'adarmu, amma kana iya faɗin ta cikin ladabi: ka ce za ka je ka karɓo takardar da kanka yanzu. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Game da ibada, ka yi magana da shugaban sashenka tun makon farko maimakon ka riƙa ɓacewa ana neman ka. Musulmi suna da yawa a Legas, kuma wuraren aiki da dama suna da wurin salla. Ka tsara wanda zai riƙe maka wurinka lokacin Juma'a, kai ma ka riƙe masa ranar da yake buƙata. Idan azumi ya zo kana aikin rana a waje ko aikin dare, ka nemi a daidaita jadawalin tun kafin watan ya kama.

Littafin aljihu da sa hannu

Ka sayi littafi mai kauri tun ranar farko, ka riƙa rubuta kwanan wata, aikin da aka yi, matsalar da aka samu, awon da ka ɗauka, shawarar da aka yanke da wanda ya yanke ta. Mu mutanen baka ne, mun saba a yi magana a tashi da amana, amma babban kamfani yana tafiya ne da abin da ke rubuce. Idan oganka ya ba ka umarni a tsaye a bakin hanya, musamman wanda ya sauya abin da ke cikin zane, ka koma ka tura masa gajeren imel kana cewa ga abin da ka fahimta, ka nemi ya tabbatar. Wannan ba rashin yarda ba ne. Bayan wata shida, lokacin da wani abu ya fashe aka zauna bincike, babu wanda zai tuna abin da aka faɗa a bakin hanya, kuma laifi ya fi saurin sauka a kan ƙarami.

Ka koyi rubuta rahoto gajere wanda manajan da ba injiniya ba zai gane: me ya faru, me ya jawo shi, me kake ba da shawara a yi, nawa zai ci, kuma me za a yi asara idan ba a yi ba. Na ga injiniyoyi masu kaifin ƙwaƙwalwa da aka bari a baya saboda ba sa iya wannan, na kuma ga matsakaita da suka wuce su saboda sun iya.

Sa hannunka kuwa shi ne abu mafi tsada da ka mallaka a wannan sana'a. Kada ka sa hannu a kan gwajin da ba ka gani ba, ko kayan da ba ka ƙirga ba, ko aikin ɗan kwangila da ba ka duba da idonka ba, komai yawan takardun da aka tara maka da yammacin Juma'a. Ɗan kwangila zai iya zuwa da fara'a da ambulan yana cewa kuɗin mai ne, ko goron salla ne, kuma mai yiwuwa ma ɗan garinku ne da zai yi maka Hausa mai daɗi. Ranar da ka karɓa, ka rasa bakin da za ka ce masa rodin da ya kawo bai kai kaurin da aka rubuta ba. Mutanen Legas ba su manta da bene mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ba, inda mutum sama da 40 suka rasu. Cikin abubuwan da suka fito bayan rushewar akwai wasiƙar da injiniyan da ya fara kula da tsarin ginin ya rubuta tun farkon 2020, yana sanar da janye hannunsa daga aikin saboda ba zai iya tabbatar da ingancinsa ba. Ya rasa kwangila a lokacin, amma takardar nan ita ta tsaya masa daga baya.

Hanyar rajista

A dokar Najeriya, gama jami'a bai ba mutum damar kiran kansa cikakken injiniya ba, ko da abokai sun fara kiran sa da sunan tun yana aji biyu. Hukumar COREN, wadda aka kafa da doka ta 55 ta shekarar 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, tana kuma da rukunoni daban na masu babbar difloma da masu ƙaramar difloma da masu sana'ar hannu. Ana neman gogewar aiki ta shekara huɗu bayan kammala digiri, tare da rahoton ayyukan da mutum ya yi da kuma zama gaban manyan injiniyoyi su yi masa tambayoyi. Ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, wadda ta samo asali tun 1958, tana da rassa a sassan Legas, kuma ya kamata ka shiga a matsayin sabon mai digiri, ka riƙa halartar taron reshen da ke kusa da kai, domin a nan za ka haɗu da waɗanda za su duba rahotonka su sa maka hannu.

A wannan mataki ne littafin nan mai kauri zai biya ka wahalarsa. Wanda bai rubuta komai ba zai zauna bayan shekara huɗu yana ƙoƙarin tuno abin da ya yi, ya ƙare da kwafo rahoton wani, kuma masu tambayar suna gane irin wannan cikin minti kaɗan, domin za su tambaye ka dalilin da ya sa aka zaɓi kauri kaza na waya ko girman kaza na bututu, da abin da kai da kanka ka yi a cikin aikin. Saboda haka tun a shekara ta biyu ka duba littafinka ka ga abin da ya yi ƙaranci. Idan duk shafukan gyaran inji ne babu zane ko lissafi, ka je wurin shugabanka ka nemi a sa ka cikin wani sabon aiki da za a fara daga tushe, ko da ƙarami ne kamar sauya famfo ɗaya ko jan sabon layin wuta zuwa wani sashe, ka bi shi daga lissafin farko da kiyasin kuɗi har ranar da za a kunna, ka ajiye kwafin abin da kamfani ya yarda ka ajiye, sannan ka nemi injiniya mai rajista da ya kula da aikin ya sa hannu a shafin tun aikin yana sabo a ƙwaƙwalwarsa, kafin a yi masa sauyin wurin aiki ko ya koma wani kamfani.